Zaren da Ba a Naɗawa a Hannu

Aikina a Jidda naɗin zare ne. Idan na faɗa wa mutanen gida haka sai su ɗauka a masaƙa nake, ni kuma na gaji da gyara musu. A wani shagon kayan kamun kifi nake aiki a Abhur, can ƙuryar baya inda sanyin na'ura ba ya kaiwa. Mutum zai sayi sanda da makina, wato ɗan injin nan da ke naɗe zare a gindin sandar, sai a miƙo mini in cika ta da zare, in yi ƙulli, in mayar. Na daɗe a kan kujerar nan har ta lotsa daidai zamana. Idan an tashi in kama hanyar Sa'alaba, daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan, in isa gida yatsuna na zogi, wuyana ya sage.

Tambaya ɗaya nake yi wa kowa, kuma ita ce ba sa son ji: me za ka ɗaura a bakin zaren? Yawancin masu zuwa wurinmu ba da tana suke kamun kifi ba kamar yadda muka taso muka gani. Kifin ƙarya suke jefawa, na roba da na katako da na ƙarfe, kowanne kuma da zaren da yake so. Akwai wanda ke tafiya a saman ruwa yana fantsama kamar ɗan kifin da ya ji ciwo. Shi nailan ake ba shi, domin nailan ba ya nutsewa, kuma yakan ɗan miƙe idan kifi ya fizga, sai ƙugiya ta zauna a baki ba ta yaga shi ba. Akwai mai laushi da ake ja a hankali kusa da duwatsun ƙasa. Wannan sai fuluro, zare mai nauyi da ke nutsewa, kifi ba ya ganinsa a ruwa, dutse kuma ba ya saurin cinye shi. Ka sa fuluro a kan na saman ruwa, zai ja hancinsa ƙasa ya hana shi rawar da aka saye shi dominta.

Sai kuma guntun ƙarfe mai sheƙi da ake wurgawa nesa, ya tsallake duwatsun murjani ya faɗa zurfi. Shi ba abin da ke kai shi can sai harir. Harir tufkakken zare ne, siriri kamar na ɗinki, ba ya miƙewa ko kaɗan, ko shinshinar ƙarfen kifi ya yi za ka ji a wuyan hannunka. Aibinsa kifi na ganinsa, shi ya sa ake ƙulla masa guntun fuluro a baki.

Na yi wannan bayanin da Larabci, na yi da Hausa, na yi da hannu ga waɗanda ba mu jin yaren juna. Mutum zai tsaya yana gyaɗa kai kamar ya gane, in na gama ya ce in sa masa mafi kauri. Bayan mako ya dawo yana cewa teku babu kifi. Da ina musu. Yanzu sai in ce Allah ya kawo, in karɓi makinar in sake naɗi.

Mahaifina masunci ne a kogin Kwara, wajen Gaya. Mahaifinsa ma haka. Ni ne babban ɗa, kuma ni ne na bar ruwa na zo nan na auri 'yar Hausawan da aka haifa a Jidda, wadda ba ta taɓa ganin kogi ba sai a waya. Ƙannena maza su suka zauna da shi. Shekarar da nake ba da labari, jiri ya kwashe Baba a tsakiyar kogi ya faɗa ruwa, da ƙyar aka ciro shi. Ƙannena suka haɗa kai suka karɓe filafilinsa na tuƙi, suka hana shi shiga jirgi, suka zaunar da shi a bakin gaɓa yana ɗinkin koma. Don su sanyaya masa rai sai muka haɗu muka kawo shi Umra.

Mun dawo daga Makka ke nan, muna cin abincin rana a ɗakinmu na Sa'alaba, ya ture kwano ya dube ni.

"Ka kai ni teku."

"Za mu je, Baba. Akwai wurin zama mai kyau a bakin ruwa."

"Ban ce ka kai ni kallo ba. Kihi za ni kamawa." Ya share hannunsa. "Sun ɗauke min filafili kamar wani yaro. Na ce musu gaban mutane, in na kama kihi a Bahar Maliya, ruwan da ba a ganin ƙarshenai, su maido min jirgina. Sunka yi dariya, sunka ce sun yarda."

Matata ta ce, "Ya Baba, halas, ya isa haka mana, kun yi aikinku. Kifi ga shi nan a kasuwa, wallahi kowane iri kuke so zan dafa muku."

Ya dube ta da tausayi. Yana sonta, amma ba ya musun ruwa da wanda bai taɓa riƙe filafili ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba da shi ba. Da ƙannena nake, da suka yarda da wasa, suka turo mini rigimar da su ba su iya kashewa ba. Lokacin safe ne kaɗai hutun da nake da shi kafin a buɗe shago, ga shi zai tafi. Amma na ga yadda yake zaune, kafaɗunsa sun zube, mutumin da a da muryarsa ke tsallaka kogi. Ba kifi yake nema ba, jirginsa yake nema, kuma a wurina ya zo nemansa.

Na fara kai shi shago. Mai shagon, wanda shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a takardun zama, ya tarbe shi da shayi yana ta ce masa ya Hajj, Baba yana amsawa da kai. Da ya sha ya tashi ya zaga. Ya ɗauki wani kifin roba mai jan kai ya juya shi, ya girgiza ya ji ƙarar 'yan ƙwallayen da ke cikinsa, ya kwashe da dariya.

"Da wanga kake ciyar da iyali?"

"Da shi, Baba."

"Allah mai iko. Kihin nan ƙasar bai da wayo."

Na yi masa bayanin zaren nan uku kamar yadda nake yi wa kowa. Ya saurara fiye da yadda masu saye ke saurara, wannan ba zan hana masa ba. Da na zo kan harir ya ja guntu ya kai baki. Duk rayuwarsa da haƙori yake yanke zare, har haƙorinsa na gefe ya yi ɗan gurbi. Ya ciza, ya ja, ya sake cizawa. Zaren ya fito da yawu, ko gezau. Na nuna masa ɗan almakashin da ke rataye a wuyana, na ce shi kaɗai ke yanke shi. Ya ajiye zaren kamar ya ƙona shi.

"Zaren da haƙori ba ya yankewa ba na arziki ba ne. Ba ni nailan, mai kauri."

Ashe har gidanmu abin ya biyo ni. Na ba shi mai kauri.

Sanda ma ya ƙi. Ya samo wata robar ruwa da aka shanye ya naɗe nailan ɗinsa a jikinta, ya ɗaura ƙugiya da dalma, muka sayi jatan lande. Kullum bayan sallar Asuba sai in ɗauke shi a tsohuwar motar shago, mu ratsa garin yana barci, mu je wani bakin gaɓa a arewacin Abhur inda ake barin mutane su yi fatsa. Duwatsu ne manya aka jera, ruwa na dukansu. Daga bakinsu ruwan bai da zurfi, kore ne shar, kana ganin ƙasa. Sai can nesa launin ya juya ya koma shuɗi mai duhu, inda duwatsun murjani suka ƙare zurfi ya fara. Manyan kifaye a can suke.

Baba zai juya dalma a sama ya saki, ta faɗa nan kusa a cikin koren ruwa. Ƙananan kifaye su taru su cinye jatan landen, su bar masa ƙugiya. A ruwan Kwara mai laka kifi ba ya ganin zare, a nan kuwa ni kaina daga kan dutse ina hango nailan ɗinsa kwance a ruwa kamar igiyar shanya. Wata safiya ya ciro wani ɗan kifi mai rawaya da shuɗi wanda bai kai tafin hannu ba. Ya dube shi ya mayar. Ya ce wannan na ado ne, in ya nuna shi a gida har yara sai sun yi masa dariya.

Haka muka yi ta yi. Ni in zauna a gefe ina gyangyaɗi, gumi na bin bayana tun rana ba ta fito ba, daga nan in mayar da shi Sa'alaba, in sake juyowa Abhur in zauna a kan kujera. Na fara yin kuskure a ƙulli, abin da na daɗe ban yi ba. Ƙannena kuma kullum sai sun kira, suna tambaya ina kifin, ko a turo da babbar mota ta ɗauko shi. Baba yakan yi dariya tare da su. In an kashe waya sai ya daɗe yana kallon bango.

Ranar komawarsa ta matso. Wata safiya muna cikin mota, bai dube ni ba ya ce, "Wanga ƙarhen da ka ce yana kai nesa. Ɗauko shi gobe."

Da yamma na zauna na zaɓa masa kaya. Na so in sa masa nailan, don shi hannunsa ya sani, amma nailan mai ƙarfin riƙe babban kifi ya yi kauri, iska za ta tare shi, ƙarfen ba zai kai shuɗin ruwa ba. Fuluro kuwa ya fi taurin kai, ba a cika makina da shi don jifan nesa. Harir ne kawai. Na cika makina, na ƙulla fuluro a baki, na gwada ƙullin da dukan ƙarfina, na daidaita birki.

Birkin nan shi ne abin da na fi nanata masa. Idan kifi ya fi ƙarfin zare, makina takan saki kaɗan-kaɗan, kifi ya yi ta gudu yana gajiya, kai kuma sanda kawai za ka riƙe. Na ce, "Baba, ko me ya faru, kada ku taɓa zaren nan da hannu. Yanka yake yi." Na faɗa a gida, na faɗa a mota, na sake faɗa a kan dutse. Na miƙa masa safar hannu. Ya buɗe mini tafinsa na dama, duk ya yi kanta, ya ce wannan safar tun kafin a haife ni yake sanye da ita.

Kafaɗarsa ba ta iya jifan, don haka ni ke wurgawa in miƙa masa sanda. Na ɗauka zai ƙi. Ya ce jifa ba kamu ba ne, kuma ba sai an faɗa wa kowa wanda ya jefa ba. Ya koyi jan ƙarfen nan da nan: ya bari ya nutse, ya ɗaga sanda, ya naɗe, ya sake bari. A safiya ta farko ya ji wani abu ya taɓa can ƙasa, ya juyo yana kallona da mamaki.

"Ina jin shi! Kamar a cikin hannuna yake."

"Harir ke nan, Baba."

"To, yana da ɗan amfani."

A duk zamana a wannan shago ba a taɓa yaba mini da abin da ya kai wannan daɗi ba.

Washegari, rana ta ɗan ɗago, na wurga na miƙa masa na koma na zauna. Ban gama zama ba na ji makina ta ɗauki ƙara. Sanda ta lanƙwashe, zare na fita da gudu. Baba ya dafe ƙafa a kan dutse.

"Yana sace zare!"

"Ku bar shi ya tafi, Baba, zai gaji! Sandar kawai za ku riƙe!"

A Kwara ba a ba giwan ruwa zare. In ka sake masa zai shige cikin saiwoyin itace, shi ke nan kun rabu. Abin da ake yi shi ne ka naɗe igiya a hannu, ka kafa diddige, ka nuna masa kai ma namiji ne. Baba ya yi haka tun yana saurayi. Na tabbata ya ji maganata, amma hannunsa bai jira shi ba. Ya maƙale sanda a hammata, ya miƙa hannun dama ya cafke zaren, ya naɗa shi a yatsunsa kafin in taso daga inda nake.

Makina ta yi shiru. Duk nauyin kifin ya dawo kan hannunsa. Na ga zaren ya shige cikin kantar nan da yake taƙama da ita, wurin ya yi fari, sannan jini ya biyo. Ya ja baya taku ɗaya, kifin ya jawo shi gaba. Can a bakin shuɗin ruwa wani faffaɗan gefe mai sheƙin azurfa ya juya ya ɓace. Kifin da ake kira bayad ne, babba, irin wanda masu saye ke nuna mini hotonsa suna cika baki.

"Baba, ku saki!"

"Ga shi nan ya zo! Kada ka taɓa!"

Ko ya so saki ba zai iya ba, zaren ya riga ya nutse a nama, kuma ba ya warwaruwa muddin kifi na ja. Takalminsa ya fara zamewa a kan jiƙaƙƙen dutse, ga ruwa na dukan ƙasan duwatsun. Na damƙi rigarsa ta baya da hannun hagu, na kai almakashi da na dama.

"Na ce kada ka taɓa!"

Na yanke.

Muka faɗi zaune tare a kan dutsen. Guntun zaren ya bi iska ya kwanta a kan ruwa. Baba ya daɗe yana kallon wurin, jini na ɗiga a rigarsa, sannan ya ce a hankali, "Mi ka yi?" Na cire hulata na danne masa hannu, na ɗaga shi zuwa mota.

A wani ƙaramin asibiti aka zare ragowar zaren aka yi masa ɗinki. Likitan ya ce yankan ya taɓa jijiyar yatsu biyu, sai dai a jira a gani. A gida matata ta yi ta kuka tana faɗa da ni da Larabci, wai don me na biye masa. Ta kawo masa abinci da cokali, tunda hannun dama na ɗaure. Ya dubi cokalin kamar an zage shi, amma ya ci. Da ita yake magana. Ni in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya kau da kai. Ban yi fushi ba, ƙarfin fushin ma babu. Na dai samu barcin safe, kuma bai yi mini daɗi ba.

Ana gobe zai tafi, bayan La'asar, ƙannena suka kira ta bidiyo. Ba su kaɗai ba ne, na ga kawunan maƙwabta sun cika wayar. Baba ya gyara zama, ya ɗaga ɗaurarren hannunsa ya nuna musu.

"Na kama shi," ya ce. "Kihi ya kai tsawon mutum. Yana hannuna, na juyo da kansa, saura in jawo shi gaɓa. Yayanku ne ya sa almakashi ya yanke zare."

Aka yi ca. Babban ƙanena ya ce a miƙo mini wayar.

"Yaya, gaskiya ne?"

Ina da abin faɗa. Ina iya cewa gwiwoyinsa sun ƙi ɗaukarsa, kifin ne ke jansa ba shi ke jan kifin ba, da na ƙara jinkiri da a cikin ruwa zan neme shi. Wannan suke jira su ji, kuma da na faɗa an rufe maganar jirgi har abada, a gaban maƙwabta. Na dubi Baba. Ba ni yake kallo ba, bandejin hannunsa yake shafawa.

"Gaskiya ne," na ce. "Ni na yanke."

"Don me?"

"Tsoro na ji."

Wani daga baya ya ce birni ya lalata ni. Wani ya ce ɗan masunci da tsoron kifi, ai abin kunya ne. Baba ya karɓi wayar da hannun hagu ya ce su bar ni, ɗan kanti ne, bai san ruwa ba. Da aka kashe ya turo mini kofinsa ya ce in ƙara masa shayi. Ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini tun ranar da abin ya faru.

Ba a mayar masa da jirgin ba, kuma ba wanda ya hana shi. Yatsun nan biyu ba su sake lanƙwasuwa yadda za su riƙe filafili ba. Yana nan a bakin gaɓa, a inuwa, yana ba da labarin bayad ɗin Bahar Maliya, wanda na ji yanzu ya kai girman ɗan maraƙi. A garinmu kowa ya sani ba tsufa ne ya raba Baba da kogi ba, ɗansa ne na Jidda da almakashinsa. Ina jin zafin maganar, ba zan ɓoye ba, amma ban taɓa gyara wa kowa ita ba.

Ko kwanan baya wani dattijo daga garinmu ya zo Umra, muka haɗu a kasuwar Bab Makka yana cinikin yadi. Da na faɗa masa gidanmu sai ya saki hannuna ya dube ni sama da ƙasa.

"Ashe kai ne ka yanke wa tsoho zare."

Na ce ni ne. Ya girgiza kai ya ce Allah ya shirye ni, na ce amin.